Binciken Kiwon Lahiya: Sai An Riƙa Hannun Matasan Likitoci

A cikin shekarar 2025 gwamnatin Amurka ta ruhe babbar hukumarta ta taimakon ƙasashe, watau USAID, bayan da tun watan Janairu ta ba da sanarwar hicewa daga Ƙungiyar Lahiya ta Duniya, OMS. Wasu manyan ƙasashen Turai su ma sun rage kuɗin da suka saba warewa domin taimakon ƙasashe masu tasowa. Abin da jama'a suka hi magana a kai shi ne magunguna, da gidajen sauro, da abincin yara masu tamowa, kuma sun yi gaskiya. Amma akwai wani gehe da ba a cika ambata ba, shi ne binciken kiwon lahiya, musamman makomar matasan likitoci da masana waɗanda suka fara sa ƙafa cikin wannan aiki. Idan kuɗin waje ya ja baya, babban farfesa yana da kujerarsa da albashinsa. Ƙaramin da ya fara jiya shi ne guguwa ke fara ɗauka. Saboda haka ya dace hukumomi da jama'ar Nijar su dubi wannan al'amari tun da sauran lokaci.

Mine ne binciken asibiti?

Duk maganin da majo ke ba maras lahiya a gidan likita, da duk rigakahin da ake yi wa jariri, sai da aka gwada shi kahin a yarda da shi. Aikin yakan fara a ɗakin awo, inda masana ke nazarin ƙwayar cuta. In sun sami abin da suke zaton zai kashe ta ko ya tare ta, sai a gwada shi ga mutane kaɗan don a tabbata ba ya cutarwa, sa'an nan ga ɗaruruwa, daga baya ga dubbai. A babban gwaji akan raba mutane kashi biyu ta hanyar ƙuri'a: kashi guda a ba su sabon magani, ɗayan kuma a ba su wanda aka saba da shi, ko wani abu mai kama da magani wanda babu komi cikinsa. Bayan watanni ko shekaru sai a ƙidaya waɗanda suka kamu da waɗanda suka warke a kowane kashi. Ba a sa kowa cikin gwaji sai da yardarsa, in yaro ne kuwa sai da yardar uwayensa.

Ko an tabbata magani yana da kyau, aiki bai ƙare ba. Sai an san yadda za a kai shi ƙauye bai lalace ba, da nawa zai ci, da wanda zai ba da shi, da ko uwaye za su karɓe shi. Wannan doguwar hanya, daga ɗakin awo zuwa gadon maras lahiya, daga nan zuwa dokar ma'aikatar kiwon lahiya, ita ce masana ke nuhi in sun ce a mai da bincike ya zama aiki. Wanda ya hi dacewa da bin ta shi ne likitan da ya san maras lahiya, kuma ya koyi dabarun awo da lissahi.

Abin da aka gano a ƙasar Nijar

Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga wannan aiki. Tun ƙarshen shekarun 1970 aka kafa a Yamai cibiyar CERMES domin binciken sanƙarau da tsargiya, a ƙarƙashin ƙungiyar OCCGE ta ƙasashen yankin, kuma a shekarar 2002 ta zama cibiyar ƙasa. A lokacin annobar sanƙarau ta 2003 an yi gwaji a Nijar wanda ya nuna cewa allura guda ta seftiriyazon tana warkarwa kamar tsofon maganin nan mai maiƙo da aka daɗe ana amfani da shi. A shekarar 2006 masanan CERMES da na cibiyar Pasteur suka bayyana ɗan tsinken awo wanda ke nuna irin ƙwayar sanƙarau cikin mintoci, ba sai an jira babban ɗakin awo ba.

A gundumar Madarunfa, cikin jahar Maraɗi, daga 2014 zuwa 2015, cibiyar Epicentre ta ƙungiyar MSF tare da ma'aikatar kiwon lahiya sun gwada rigakahin wani mugun zawo na jarirai, wanda ƙwayar rota ke haddasawa. Bambancinsa da sauran shi ne yana jure zahi, yakan yi watanni ba a sa shi cikin sanyi ba. An ɗiga wa jarirai a baki sau 3, suna da mako 6, da 10, da 14. Cikin jarirai 3,508 da aka yi lissahi da su, rigakahin ya rage zawo mai tsanani da wajen kashi 67 bisa 100. An buga sakamakon a 2017, kuma OMS ta amince da rigakahin a 2018.

A jahar Doso kuma, cikin gundumomin Boboy da Loga, an yi wani gwaji na raba wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 maganin azitromisin sau 2 a shekara. An yi shi a Nijar, da Malawi, da Tanzaniya. Sakamakon da aka hitar a 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 18 bisa 100 a Nijar, hiye da sauran ƙasashen biyu. Wannan na cikin hujjojin da OMS ta dogara da su wajen ba da shawararta ta 2020.

Ke nan abin da aka gano a ƙauyukan Madarunfa da Boboy ya amfani yaran ƙasashe da dama. Ɗiyan ƙasa sun yi aiki tuƙuru cikin waɗannan gwaje-gwaje, kuma sunayensu na cikin rahotannin da aka buga. Sai dai galibin kuɗin daga waje suka zo, kuma wanda ya kawo kuɗi shi ke da babbar murya wajen zaɓen tambayar da za a bincika. Ba laihin abokan aiki ba ne. Kowa da abin da ya dame shi. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

Tarihin sanƙarau ya isa misali. Bayan babbar annobar 1996 zuwa 1997, wadda ta kama mutum hiye da 250,000 ta kashe wajen 25,000 a Afirka, an ƙera allurar MenAfriVac, wadda kuɗinta bai kai rabin dalar Amurka ba, aka fara yin ta a Burkina Faso, da Mali, da Nijar a 2010. Sanƙarau mai alamar A ya kusa ɓacewa. Amma a 2015 sai ga mai alamar C ya taso, ya kama wajen mutum 8,500 a Nijar, hiye da 500 suka rasu. Ƙwayar cuta takan sake kama, don haka dole a sami masu tsaro na din-din-din waɗanda ke zaune a ƙasa, suna awo, suna ba hukuma labari tun wuta ba ta kama ba.

Akwai kuma batun kare jama'a. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan cikin wani gwaji da ya haɗa yara wajen 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya musa laihi, amma an yi shekaru ana shari'a har aka sasanta da jahar Kano a 2009. Rashin yarda da wannan ya bari a zukatan mutane ya daɗe. Nijar tana da kwamitin ƙasa mai duba ɗa'ar bincike, wanda sai ya yarda ake fara gwaji. Amma ƙarhin irin wannan kwamiti yana ga mutanen da ke zaune cikinsa, waɗanda suka taɓa gudanar da bincike da hannunsu, har suna iya gane inda aka yi ha'inci cikin takarda.

Shekarun da ake asarar matasa

Makarantar koyon aikin likita ta jami'ar Yamai ta buɗe tun cikin shekarun 1970, kuma daga baya jami'o'in Maraɗi da Damagaram sun sami nasu sassan. Ɗalibi yakan yi shekara 7 ko hiye kahin ya zama lokotoro, kuma ba ya hita sai ya rubuta kundin bincike ya kare shi gaban malamai. In zai ƙware a wani fanni sai ya ƙara wajen shekara 4. Kowace shekara ana rubuta kundaye masu yawa a kan cututtukan ƙasa; da dama cikinsu suna ƙarewa a kan kanta, ƙura na cin su, domin mai su bai sami hanyar ci gaba ba.

A nan ne gizo ke saƙa. Daga ranar da matashi ya karɓi takardarsa zuwa ranar da zai iya neman kuɗin bincike da sunansa, akwai shekaru kamar 5 waɗanda ba kowa ke ƙetare su ba.

Abu na farko da ke tare shi shi ne lokaci. Nijar ba ta kai likita guda ga mutum 10,000 ba. Matashin da aka tura asibitin gunduma yakan wuni yana duba marasa lahiya, ya kwana yana gadi, wani lokaci shi ne mai hiɗa, shi ne kuma mai riƙon ofis. Wanda ya gaji haka ba ya iya zama ya tsara tambaya, balle ya bi ta shekara biyu.

Na biyu shi ne kuɗin farawa. Masu ba da kuɗin bincike sukan tambayi abin da mutum ya taɓa bugawa cikin mujallun masana, alhali ba ya iya bugawa sai ya yi bincike, ba ya iya bincike sai da kuɗi. Sai da ruwan ciki akan ja na rijiya. Ƙari ga haka, yawancin manyan mujallun da takardun neman kuɗi da Ingilishi ake rubuta su, shi kuwa da Faransanci ya yi karatu, kuma wasu mujallun sukan nemi kuɗin bugawa da ya hi albashinsa na watanni.

Na uku shi ne rashin jagora. Ba a koyon bincike daga littahi kaɗai, kamar yadda ba a koyon ƙira sai a maƙera. Sai da babba wanda zai karanta takardar yaro ya gyara, ya gabatar da shi ga abokan aiki, kuma ya bar masa sunansa a kan aikin da ya yi.

Na huɗu shi ne rashin gurbi. Hukumar CAMES, wadda shugabannin ƙasashe suka kafa a nan Yamai a 1968, ta shimhiɗa matakan ƙarin girma na malaman jami'a, kuma ba a hawa su sai da bincike da aka buga. Amma sai mutum ya sami gurbi kahin ya fara hawa. Wanda ya komo daga ƙetare da babban digiri bai tarar da gurbi ba, ko ya koma inda ya hito, ko ya shiga aikin wata ƙungiya mai albashi mai tsoka, inda zai riƙa tara alƙaluma domin tambayar wani. Ga mata kuwa nauyin ya ninka, domin waɗannan shekaru su ne na aure da goyo, kuma tsarin da bai yi la'akari da haka ba yana zubar da rabin masu basira.

Darasin maƙwabta

Mali da Burkina Faso ba su hi Nijar arziki da wani abin kirki ba, amma sun nuna abin da riƙon matasa ke haifarwa. A 1992 marigayi Farfesa Ogobara Dumbo da Dokta Yeya Ture suka kafa a Bamako cibiyar binciken masassarar cizon sauro. Dabarar Dumbo ita ce ya zaɓi ɗalibai masu ƙwazo, ya tura su ƙauye su koyi aiki cikin jama'a, sa'an nan ya nema masu karatu a ƙetare, kuma ya tanadi ɗakin awo da aikin da za su tarar in sun komo. Ɗaya daga cikinsu, Abdulaye Jimde, masanin haɗa magunguna, ya yi babban digirinsa a Amurka ya komo gida. A 2001 aka buga aikinsa wanda ya nuna alamar da ake gane ƙwayar masassara mai bijire wa kulorokin. Wani kuma, Alasan Diko, yana cikin waɗanda suka tabbatar da cewa ba yara magani kowane wata a lokacin damina yana kare su. Gwaje-gwajen Senegal, da Mali, da Burkina sun nuna hakan na rage masassara da wajen kashi 75 bisa 100, OMS ta amince a 2012, Nijar kuma ta fara a 2013. Duk uwar da ta karɓi maganin nan na damina a Magariya ko Madawa ta ci amfanin wani matashi da aka riƙa hannunsa shekaru 20 kahin nan. Dumbo ya rasu a 2018, amma cibiyar ba ta mutu da shi ba, domin ya bar magada.

A Burkina Faso, Halidu Tinto ya gama babban digirinsa a Beljiyam ya komo gida, ya kafa cibiyar gwaji a garin Nanoro a 2009. A can aka gwada allurar rigakahin masassara mai suna R21 ga yara 450, sakamakon 2021 ya nuna kariya ta kai kashi 77 bisa 100, kuma OMS ta amince da allurar a 2023. Yau masu neman wurin gwaji su ke zuwa Nanoro, kuma ɗan ƙasa suke tararwa a kan kujera.

Gaskiya ne kuɗin waje sun taimaki Bamako da Nanoro ƙwarai. Amma sun tarar da ƴan ƙasa da suka shirya, masu iya zama a teburin shawara su ce ga abin da ƙasarsu ke bukata.

Ko ƙasashe masu arziki sun sha wannan matsala. A Amurka, tun 1979 wani babban likita, James Wyngaarden, ya yi kashedi cewa likitoci masu bincike suna neman ƙarewa. A 1999 hukumar bincikensu ta buɗe wani tallahi na musamman domin matasan likitoci masu bincike a kan marasa lahiya: ana biyan albashinsu shekara 3 zuwa 5, bisa sharaɗin kashi 75 bisa 100 na lokacinsu ya tahi ga bincike, a ƙarƙashin jagora da aka ambaci sunansa. Abin lura a nan shi ne, abin da hukumar ta saya shi ne lokacin matashi, domin ta gane cewa na'ura ba ta amfani in babu mai zama kusa da ita.

Alkawarin kashi 2 bisa 100

A 1990 wani kwamitin masana na duniya ya ba da shawarar kowace ƙasa mai tasowa ta ware aƙalla kashi 2 bisa 100 na kuɗin da take kashewa kan kiwon lahiya domin bincike, masu ba da taimako kuma su ware kashi 5 bisa 100 na taimakonsu. Taron ministoci da aka yi a Bamako cikin watan Nuwamba 2008 ya sake jaddada wannan. Ƙasashen Tarayyar Afirka kuma sun yi alkawarin kashi 1 bisa 100 na arzikin ƙasa domin binciken kimiyya baki ɗaya. Kaɗan ne suka kusanci cika shi. Akwai ƙofohin waje da matasa ke iya ƙwanƙwasawa, kamar shirin TDR da aka kafa a 1975 a ƙarƙashin OMS, da shirin EDCTP na Turai da Afirka da aka kafa a 2003. Amma takara ce tsakanin ƙasashe da yawa, kuma wanda ya riga ya fara a gida shi ke cin ta.

Wani zai ce: ƙasar da ba ta da isassun likitoci, yaya za ta ɗauke wasu daga gadon marasa lahiya ta zaunar da su bisa takardu? Tambaya ce mai nauyi. Amsarta ita ce, ba ɗaruruwa ake bukata ba. Mutum ƙalilan ne kowace shekara, kuma ba za su bar asibiti ɗungum ba. Likita guda yana duba dubban mutane a shekara. Amma wanda ya gano cewa allura guda ta isa, ko magani kaza ya daina aiki, ya taimaki duk likitocin ƙasa a lokaci guda, kuma ya tsare baitulmali daga sayen abin da ba shi da amfani.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, ya kamata ma'aikatar kiwon lahiya da ta ilimi mai zurhi su haɗa kai su buɗe asusu na musamman cikin kasahin kuɗin ƙasa domin masu fara bincike, a riƙa ba da shi ta hanyar takara a hili, ana buga sunayen waɗanda suka ci da tambayar da za su bincika. Ko kuɗin kaɗan ne, in dai suna zuwa kowace shekara ba fashi, sun hi mai yawa da ke zuwa sau guda ya ɗauke.

Sa'an nan wanda ya ci a ba shi lokaci a rubuce, misali rabin makonsa har shekara 3, kuma a tura wanda zai cike gurbinsa a asibiti, don kada nauyi ya faɗa kan abokan aikinsa su ƙi shi. A haɗa shi da jagora, daga jami'a, ko CERMES, ko cikin ɗiyan ƙasa da ke aiki a ƙetare, kuma a riƙa lissafa wa babban malami yawan matasan da ya yaye in an zo ƙarin girma. A ɗaga wa mace lokacin haihuwa da goyo wajen ƙidayar shekaru.

Haka kuma duk yarjejeniyar gwaji da za a sa wa hannu da abokan waje, ya dace ta ƙunshi sharaɗin horar da matasa ƴan ƙasa har zuwa babban digiri, da ba su damar amfani da alƙaluman da aka tara, da barin kayan awo bayan an gama. Kada kuma a tsaya ga likitoci kaɗai: bincike yana bukatar masu haɗa magunguna, da ungozomomi, da ma'aikatan jiyya, da masana lissahi, da masu sanin halayyar jama'a. Kada kuma komi ya taru a Yamai, tun da yake manyan gwaje-gwajen da suka ɗaga sunan ƙasa a karkarar Maraɗi da Doso aka yi su.

Jama'a su ma suna da nasu rabo. Sarakuna, da limamai, da shugabannin mata su ne ke buɗe ƙofar gari ga masu bincike. Hakkinsu ne su tambayi manufar gwaji, su nemi a karanta masu takardar yarda da harshen da suke ji, kuma su bukaci a komo a gaya masu abin da aka gano. Wanda ya yi yaƙi da jahilci har yana karanta wannan shahi yana iya zama idon ƙauyensu a wannan wuri.

Ana bukatar shekara 10 ko hiye kahin sabon lokotoro ya zama mai bincike da ke iya jan ragamar babban gwaji. Wanda ake so ya riƙa CERMES ko sashen bincike na jami'ar Maraɗi nan da shekara 15, yau yana zaune a wani asibitin gunduma, kundinsa na cikin akwati. Aikin hukuma ne ta nemo shi tun bai yanke ƙauna ba. Allah ya ba shugabanni ikon dubawa, ya ƙara wa ƙasa lahiya.